Me Ya Sa Kotun Ƙolin Amurka Ta Hana Jami'o'i Duba Launin Fata Wajen Ɗaukar Ɗalibai?

Tambaya: Ni malamin tarihi ne a wata sakandare. Na ji an ce Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i ba wa baƙaƙen fata fifiko wajen ɗaukar ɗalibai. Ashe ba wannan kotun ce ta rushe wariya a makarantu ba? Yaya aka yi ta juya baya? Shin hukuncin ya shafi 'ya'yanmu masu neman karatu a can? Kuma shin abu ɗaya ne da tsarin kason jihohi da ake jayayya a kai a Najeriya?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira. Abin da ka ji haka yake. Ranar 29 ga Yuni, 2023, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙararraki biyu da wata ƙungiya mai suna Students for Fair Admissions ta shigar, ɗaya a kan Jami'ar Harvard, ɗaya a kan Jami'ar Arewacin Karolina. Alƙalai shida suka ce tsarin jami'o'in biyu ya saɓa wa doka. Uku suka ƙi yarda a shari'ar Karolina, biyu a ta Harvard, don Mai shari'a Ketanji Brown Jackson ta janye daga wannan saboda ta taɓa zama a majalisar da ke sa ido kan jami'ar. Daga ranar, jami'a ba za ta ƙara wa ɗalibi nauyi a ma'auni don kawai ya ce shi baƙar fata ne ko ɗan asalin Latin Amurka ba. An bar ƙofa ɗaya a buɗe: ɗalibi yana iya rubutawa a takardar neman gurbi yadda launinsa ya shafi rayuwarsa, jami'a kuma ta yaba masa kan jajircewar da ya nuna shi kansa.

A ganina an kayar da wannan tsari ne tun tsakanin 1973 da 1978. Abin da aka yi a 2023 jana'iza ce kawai. Amma sai mun ɗan koma baya kafin ka ga dalilina.

Bayan yaƙin basasa, a 1868, aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka gyara na 14, wanda ya ce babu jihar da za ta hana kowa kariya iri ɗaya a gaban doka. An rubuta shi ne domin bayin da aka 'yanta, amma bai ambaci launin kowa ba, kuma a nan duk rigimar take. A 1896, a shari'ar Plessy, kotu ta ce a raba farare da baƙaƙe babu laifi muddin an ba su abu daidai. Alƙali ɗaya tak, John Marshall Harlan, ya ƙi, ya ce tsarin mulki ba ya ganin launi. Sai a 1954, a shari'ar Brown, wadda Thurgood Marshall ya jagoranci lauyoyinta, alƙalai tara gaba ɗaya suka ce raba makarantu haramun ne a dokance. Jihohin kudu suka yi kunnen uwar shegu. A 1957 sai da Shugaba Eisenhower ya tura sojoji garin Little Rock don yara baƙaƙe tara su shiga aji a makarantar farare. A 1964 aka kafa dokar 'yancin jama'a, wadda babi na shida a cikinta ya hana duk wata cibiya mai karɓar kuɗin tarayya nuna bambancin launi. Ta wannan babin ne doka ta kama Harvard, duk da ba jami'ar gwamnati ba ce.

A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya yi jawabi a Jami'ar Howard, inda ya ce ba za ka kwance wa mutumin da ya daɗe a ɗaure sarƙa ba, ka kai shi layin tsere, ka ce ya gwabza da kowa, sannan ka ɗauka ka yi adalci. Wannan ne asalin hujjar: an yi zalunci, a biya diyyarsa. Ka riƙe wannan, don shi ne abin da kotu ta ƙwace daga baya.

Shari'a ta farko da ba a cika ambata ba ita ce ta Rodriguez, 1973. A Amurka kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati yana fitowa ne daga harajin gidajen unguwar da makarantar take. A birnin San Antonio na jihar Teksas, gundumar Edgewood, ta talakawa 'yan asalin Meziko, tana kashe dala 356 kan kowane ɗalibi a shekara, gundumar masu hali ta Alamo Heights kuwa dala 594, alhali ma'aunin harajin da aka ɗora wa mutanen Edgewood ya fi tsanani. Da alƙalai biyar a kan huɗu, kotu ta ce ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin da tsarin mulkin tarayya ya lamunce, don haka babu abin da za ta yi. Wanda ya rubuta hukuncin shi ne Lewis Powell. Shekara guda bayan haka, a shari'ar Milliken, aka zo kan birnin Detroit, inda farare suka kwashe suka koma garuruwan gefe suka bar makarantun cikin birni ga baƙaƙe. Ƙaramar kotu ta ce a haɗa birnin da gundumomi 53 na kewaye a cakuɗa ɗalibai. Kotun Ƙoli, biyar da huɗu kuma, ta ce ba za a tsallake iyakar gunduma ba sai an tabbatar da cewa su ma na gefen sun aikata wariya. Da waɗannan hukunce-hukunce biyu aka rufe hanyar gyara tun daga firamare. Abin da ya rage shi ne a tare yaro a ƙofar jami'a yana ɗan shekara goma sha takwas, a ce za a cike giɓin shekara goma sha biyu da alƙalamin jami'in ɗaukar ɗalibai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai shari'ar Bakke, 1978. Makarantar likitanci ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis tana ɗaukar ɗalibai 100 a shekara, ta keɓe gurbi 16 ga tsiraru. Allan Bakke, farar fata, injiniya kuma tsohon soja, ya nema a 1973 da 1974 bai samu ba, ya garzaya kotu. Alƙalai huɗu suka ce duba launi ya saɓa wa dokar 1964, shi ke nan. Huɗu, cikinsu har da Thurgood Marshall wanda a lokacin ya hau kujerar alƙalanci, suka ce halas ne a duba launi don gyara ɓarnar tarihi. Ya rage Powell a tsakiya, shi kaɗai, kuma ra'ayinsa ne ya zama doka har shekara arba'in da biyar. Ya ce keɓe gurbi haramun ne, a ɗauki Bakke. Ya ce kuma jami'a ba ta da hurumin biyan diyyar zaluncin al'umma baki ɗaya, don abu ne marar iyaka, kuma wanda zai biya ba shi ya aikata ba. Hujja ɗaya ya yarda da ita: aji mai ɗalibai iri-iri yana inganta karatun kowa, don haka launi zai iya zama ɗaya daga cikin abubuwan da ake dubawa, kamar yadda ake duba ɗan ƙauye ko mai iya kiɗa. Misalin da ya kawo na tsari mai kyau kuwa shi ne na Harvard.

Ka lura da abin da ya faru. Da farko ana ɗaukar ɗalibi baƙar fata ne don an zalunci kakanninsa da iyayensa. Bayan Bakke, a dokance ana ɗaukarsa ne don ya amfani karatun abokan ajinsa, waɗanda galibinsu farare ne. Jami'o'i suka koma suna faɗin abin da ba shi ne ainihin dalilinsu ba, lauyoyinsu na tsoron furta kalmar adalci a gaban alƙali. Hujjar cakuɗa kuma tana da rauni a ma'aunin kotu. A Amurka duk dokar da ta rarrabe mutane da launi sai ta tsallake bincike mafi tsanani: dole a nuna buƙata ta tilas, a kuma nuna babu wata hanya da ta fi sauƙi. To nawa ne adadin cakuɗar da ta isa? Yaushe za a ce an gama? Jami'a ba za ta iya ambata adadi ba, don da ta ambata an ce ta keɓe gurbi. In kuma ba ta ambata ba, a ce burinta ba shi da ma'auni.

Ka ga wannan tsaka-mai-wuya a fili a 2003, a ƙararraki biyu na Jami'ar Mishigan da aka yanke rana ɗaya. Sashen digirin farko yana ba tsiraru maki 20 kai tsaye cikin 150, alhali wanda ya cinye jarrabawar neman shiga jami'a ta SAT kaf maki 12 yake samu. Kotu ta soke wannan a shari'ar Gratz. Makarantar lauyoyi kuwa, wadda ba ta rubuta maki ba, ta ce tana duba kowane ɗalibi ne ɗungurungum, ta tsira a shari'ar Grutter da biyar a kan huɗu. Darasin da jami'o'i suka ɗauka shi ne: yi, amma kada ka bari a ga lissafin. Mai shari'a Sandra Day O'Connor, wadda ta rubuta hukuncin, ta ƙara da cewa tana sa ran nan da shekara 25 ba za a buƙaci haka ba. Daga nan kujeru suka riƙa sauyawa. Alito ya gaji O'Connor a 2006, Kavanaugh ya gaji Kennedy a 2018, Barrett ta gaji Ginsburg a 2020. Tsarin ya sha da ƙyar a 2016 a shari'ar Fisher, wata ɗaliba farar fata da ta kai ƙarar Jami'ar Teksas, huɗu da uku, kuma Kennedy ne ya cece shi a lokacin.

Edward Blum, ɗan gwagwarmayar da ya ɗauki nauyin ƙarar Fisher, ba lauya ba ne, amma ya iya zaɓen wanda zai tsaya a gaba. Tun kafin a kammala ƙarar Fisher, ya koma kan 'yan asalin Asiya. Aka shigar da ƙarar Harvard a 2014, aka yi zaman shari'a a Boston a 2018, kuma a nan aka tilasta wa jami'ar fito da bayanan cikin gida. Kada son rai ya sa mu ƙi gaskiya, ƙorafin yana da tushe. Harvard tana ba kowane mai nema maki kan karatu, kan ayyukan waje, kan wasanni, da kuma kan hali, wato kirki da jarumta da farin jini. 'Yan Asiya suna kan gaba a karatu, amma a makin hali su ne ƙasa da kowa, kuma jami'an da ke ba da makin galibi ba su taɓa ganin ɗalibin ido da ido ba. Mai shari'a Allison Burroughs ta yanke a 2019 cewa babu niyyar wariya, kotun ɗaukaka ƙara ta amince a 2020, amma babu wanda ya kawo gamsasshen bayani kan wannan giɓi. Wanda ya san tarihin Harvard ya san cewa a shekarun 1920 ta fara dogaro da auna hali ne don rage yawan Yahudawa.

Wani abin kuma ya fito a zaman, wanda ni ya fi tsaya mini a rai. 'Ya'yan tsofaffin ɗaliban Harvard ana ɗaukar kusan kashi 33 cikin 100 na masu nema daga cikinsu, sauran jama'a kuwa kusan kashi 6. Masanin tattalin arziki Peter Arcidiacono, wanda shi ne ma shaidan masu ƙara, ya lissafa tare da abokan aikinsa cewa fiye da kashi 43 na fararen da aka ɗauka 'yan wasanni ne, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ko 'ya'yan ma'aikata, ko waɗanda ke jerin musamman na shugabannin jami'a inda ake samun 'ya'yan masu ba da gudummawa, kuma kusan kashi uku cikin huɗu nasu da ba su shiga ba in ba don wannan alfarma ba. Hukuncin 2023 bai taɓa wannan ba, domin tsarin mulki bai hana fifita ɗan mai kuɗi ko ɗan gida ba. Jihohi irin su Kolorado da Bajiniya da Maryland da Kalifoniya ne suka ɗauki matakin hana shi da dokokinsu.

Alƙalin Alƙalai John Roberts ya bi raunin hujjar Powell ɗaya bayan ɗaya. Ya ce burin jami'o'in, irin su tarbiyyar shugabannin gobe, ba abu ne da kotu za ta iya aunawa ba. Ya ce rukunonin launin kansu shirme ne, tunda an zuba ɗan Indiya da ɗan Koriya da ɗan Sin a kwando ɗaya, Balarabe kuma ba a san inda za a sa shi ba. Ya ce gurbi ƙidayayye ne, duk abin da ka ƙara wa wani ka rage wa wani. Ya ce ɗaukar cewa launi yana nuna irin tunanin mutum shi kansa raini ne. Sannan babu ranar gamawa. A nan amsar tambayarka ta biyu take: ɓangarorin biyu duk suna cewa su ne magadan shari'ar Brown. Masu rinjaye suna karanta ta da cewa ta hana gwamnati duba launi ko ta wace fuska. Alƙalan da suka ƙi yarda, wato Sotomayor da Kagan da Jackson, suna karanta ta da cewa ta hana danne wata ƙabila ne, kuma wanda ya miƙa hannu ya ɗaga na ƙasa ba daidai yake da wanda ya tura shi ba. Mafi zafin musayar ta gudana ne tsakanin baƙaƙen alƙalai biyu na kotun. Clarence Thomas ya daɗe yana cewa irin wannan fifiko yana shafa wa duk baƙin da ya yi nasara tabon zargi, ana ganin kamar alfarma ce ta kai shi. Jackson ta ce don doka ta ayyana cewa launi ba shi da tasiri, hakan bai sa ya rasa tasiri a rayuwa ba. Alƙaluman Babban Bankin Amurka na 2022 suna bayanta: matsakaicin iyalin farare yana da dukiyar kusan dala 285,000, na baƙaƙe kusan 45,000. Abin dariya, a wani ɗan rubutun ƙasan shafi, Roberts ya ce hukuncin bai shafi kwalejojin soja ba, wato sojan da ke buƙatar hafsoshi baƙaƙe an yi masa uzuri. Gwamnatin Trump ce ta rufe wannan ƙofar a 2025.

Abin da zai biyo baya ba sai an yi duba ba, don jihohi tara sun riga sun hana tsarin. Kalifoniya ta hana ta hanyar ƙuri'ar raba gardama a 1996, kuma da dokar ta fara aiki a 1998 yawan baƙaƙe da 'yan Latin da aka ɗauka a reshen Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya ragu da kusan rabi. Jami'ar ta shaida wa Kotun Ƙoli cewa ta kashe sama da dala rabin biliyan kan wasu hanyoyi ba ta dawo da abin da ta rasa ba. A Mishigan, bayan hanin 2006, baƙaƙe sun sauko daga kusan kashi 7 zuwa 4 na ɗaliban digirin farko zuwa 2021, a jihar da su ne kusan kashi 14 na jama'a. A zangon farko bayan hukuncin, 2024, baƙaƙe a jami'ar kimiyya da fasaha ta MIT sun faɗo daga kusan kashi 13 zuwa 5, a Amherst daga 11 zuwa 3, a Harvard daga 18 zuwa 14, yayin da Yale da Princeton ba su motsa sosai ba a wannan shekarar. Sai dai ka sani, duk wannan rigima ta 'yan tsirarun jami'o'i masu tsananin tace ɗalibai ce. Yawancin manyan makarantun Amurka suna ɗaukar fiye da rabin masu nema, kuma a nan ne mafi yawan baƙaƙen ɗalibai suke, inda matsalarsu kuɗin makaranta ce da iya kaiwa ƙarshen karatu.

Game da 'ya'yanmu, akwai magana biyu. Ɗalibin da ke nema daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi ana lissafa shi ne a rukunin baƙi 'yan ƙasar waje, kuma abin da ya fi yanke masa hukunci shi ne sakamakonsa, da kuɗi, da biza. Jami'o'i kaɗan ne, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst, ke ɗaukar ɗan ƙasar waje ba tare da duba aljihunsa ba. Waɗanda abin ya shafa kai tsaye su ne 'ya'yan 'yan Afirka da aka haifa ko aka raina a can. Kuma a nan akwai maganar da ba mu cika son ji ba. A 2004 malaman Harvard biyu baƙaƙe, Lani Guinier da Henry Louis Gates, suka bayyana cewa mafi yawan baƙaƙen ɗaliban jami'ar 'yan ci-rani ne daga Afirka da Karibiyan, ko 'ya'yansu, ko ruwa-biyu. Binciken Douglas Massey da abokansa na 2007 ya gano cewa kusan kashi 41 na baƙaƙen da ke manyan jami'o'in nan na arewa maso gabas da ake kira Ivy League asalin ci-rani ne. Wato ɗan likita ɗan Najeriya da ya tashi a unguwar masu hali a Houston yana cin gajiyar abin da aka kafa domin jikan mai tsinkar auduga a Mississippi. A hujjar Johnson wannan karkata ce. A hujjar Powell kuwa babu laifi ko kaɗan, tunda launi kawai ake nema ya bayyana a aji.

Tsarin Najeriya ya yi kama da wannan ta fuskar tambayar cancanta da wakilci, amma tushensu na doka ya bambanta. Namu a rubuce yake: sashe na 14(3) na kundin 1999 ya wajabta raba daidai a gwamnatin tarayya, akwai ma hukuma ta musamman a kai, ko da yake sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda asalin mutum, kuma lauyoyi sun sha kai ƙara kan karon da ke tsakaninsu, musamman kan makin shiga kwalejojin tarayya. A jami'o'in tarayya ƙa'idar ita ce kashi 45 cancanta, 35 yankin jami'a, 20 jihohin da ke baya a ilimin boko, waɗanda ba na arewa kaɗai ba ne, har da Ebonyi da Bayelsa. Asalin giɓin namu kuma bambancin shigowar boko ne a zamanin Turawa, ba bauta da dokokin wariya ba. Inda muka haɗu da su shi ne a wanda ke amfana: ɗan babban ma'aikaci da ya yi makarantar kuɗi a Abuja ya fi ɗan ƙauyen jiharsu damar cin kason jihar. Indiya ta gwada maganin wannan, inda Kotun Ƙolinta a 1992 ta ce a cire masu hali daga cikin rukunin da ake keɓe wa gurbi a matsayin waɗanda aka bari a baya.

Fagen da ake fafatawa yanzu a Amurka shi ne hanyoyin da ba su ambaci launi ba amma suna kaiwa can. Tun 1997 Teksas ta kafa dokar ba da gurbi kai tsaye ga kashi 10 na sama a kowace sakandare, dabarar da ke aiki ne kawai saboda makarantun a rarrabe suke bisa unguwanni. Sakandaren kimiyya ta Thomas Jefferson a Bajiniya ta soke jarrabawar shiga a 2020 ta ware gurbi ga kowace ƙaramar sakandare a yankin, kason 'yan Asiya ya sauka daga kusan kashi 73 zuwa 54, iyaye suka kai ƙara suna cewa niyyar ɗaya ce, riga kawai aka sauya. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba makarantar gaskiya, a Fabrairun 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar. Alito da Thomas sun rubuta cewa da sun karɓe ta, kuma alƙalai huɗu kawai ake buƙata kafin kotun ta ɗauki shari'a.